Shaidu Ɗari Huɗu na Yaya Larai

Akwai wani malamin jami'a a nan Dutse, Dakta Abdulrauf, da na daɗe ina son ba ku labarinsa, jama'ar wannan shafi. Aikinsa binciken magunguna ne, kuma yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a musu. Amma in ka zauna da shi, kafin shayinka ya huce ya gaya maka sau nawa aka ambace shi a duniya.

Ga waɗanda ba su sani ba, haka masu bincike suke aiki. Ka yi gwaji, ka rubuta sakamako, a buga a mujallar kimiyya. Duk lokacin da wani masani ya kafa hujja da takardarka a cikin tasa, sai a ƙirga maka ambato ɗaya. Da wannan ƙirgar ake auna nauyin mutum, har da ranar da za a duba ko ya isa zama farfesa.

Takardunsa suna da yawa, amma guda ɗaya ce ta ɗaga shi. A kan wata saiwa ce da ke fitowa a fadamar Miga, garinsu. Ba zan faɗi sunanta ba, don na san halinku, yanzu wani sai ya ɗauki fartanya. Ya ba ɓeraye masu ciwon suga ruwanta, sugansu ya sauka.

Sai dai ɓerayen da suka daɗe suna sha, ƙodarsu ta lalace, wasu ma suka mutu. Abokiyar aikinsa, Dakta Huseina, ita ta fara lura.

"Dakta, waɗannan fa dole su shiga rahoto," in ji ta.

"Haba Huseina. Wa zai ambaci takardar da ta ce magani yana kashe ɓera? Mu fitar da sakamakon makonnin farko, sauran ma bincika daga baya."

"To ka cire sunana."

Bai ko roƙe ta ba, ya cire. Har ya bi ta da magana, wai shekarun da ta yi tana aiki, masu ambatonta ba su cika motar haya ɗaya ba. Takarda ta fita, ta karɓu, ambato ya yi ta hawa. Shi kuwa "daga baya" ɗin nan, har yau bai zo ba.

A Miga yana da yaya, Larai. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta kai shi makaranta. Tana da ciwon suga, tana shan ƙwayoyin asibiti, tana zaune lafiya.

Wata Sallah ya je gida, ya buɗe mata wayarsa yana nuna mata.

"Auta, mene ne kuma ambato?" ta tambaye shi.

"Yaya, kamar shaidu ne. Malamai ɗari huɗu, daga Indiya har Turai, sun shaida aikina a kan saiwar nan tamu."

Larai ta dafe ƙirji. "Ɗari huɗu! Alƙali ma shaidu biyu yake nema ya yanke hukunci."

Ya yi dariya, ya ji daɗi har ransa. Ko kusa bai zo masa ya ce mata kada ta sha ba. A kansa, takarda ta Turawa ce da kwamitin ƙarin girma. Ya manta cewa saiwar a bayan gidan yayarsa take fitowa, kuma tana da tukunya.

Larai ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ta koma dafa saiwa safe da yamma. Kuma kun san matanmu da abin alheri, ba sa ci su kaɗai. Duk suna, duk biki, da jarkarta take zuwa, tana cewa maganin ƙanenta ne.

Ana cikin haka takardun Dakta na neman farfesa suka isa gaban masu dubawa. A wannan tsakanin ne, wata safiya, mijin Larai, Malam Ɗanladi, ya kira shi.

"Dakta, jikin yayarka ya ƙi. Ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke, ko ruwa ta sha sai amai."

Aka kawo ta wani asibiti a Dutse. Bayan gwajin jini, likita ya tara su, ya ce ƙodojinta duka biyu sun kusa tsayawa. Ya tambaya ko akwai abin da take sha bayan maganin suga.

"Ai ta daɗe da barin na asibiti," in ji Malam Ɗanladi, har da murmushinsa. "Na Dakta take sha. Ga shi nan tsaye, shi ya gano shi."

Wallahi jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da Abdulrauf ya ji ba. Shi kaɗai a ɗakin nan ya taɓa ganin irin wannan ƙodar, a kan teburin gwaji.

Ya ja likita gefe, ya gaya masa komai. Likita ya ce za a fara wankin ƙoda yau, amma ba zai yi masa alkawarin komai ba, don ga ciwon suga da aka bari ba magani, ga kuma wannan.

"A cire tawa a sa mata," in ji Abdulrauf. "Yau ma in ana so."

"Zuciyarta ba za ta ɗauki aiki yanzu ba. Sai in ta farfaɗo."

Daga asibiti bai tsaya ko'ina ba sai ofishin Dakta Huseina, matar da ya yi shekaru yana wucewa ba gaisuwar kirki. Ya tsaya a bakin ƙofa ba ko hula.

"Huseina, don Allah, cikin ɓerayen nan akwai wanda ya farfaɗo da aka daina ba shi? Akwai abin da ke wanke shi daga jiki?"

"Ban sani ba, Dakta. Ba mu kai nan ba aka rufe gwajin."

Ta jawo masa kujera, ta ce su duba waɗanda suka ambace shi, ko a cikinsu wani ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Suka raba takardun, suka yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Shi da kullum yake ƙirga su, ranar ce ya fara karanta su. Wannan ya sa sunansa a layi ɗaya cikin gabatarwa. Wancan ya kwafo jimlar daga wurin wannan. Wani ko sunan saiwar bai rubuta daidai ba. 'Yan kaɗan da suka gwada, su ma makonnin farko suka yi suka tsaya, don a nan suka ga shi ma ya tsaya. Babu wanda ya leƙa ƙoda.

Ya kife kansa a kan tebur ya yi kuka, kuka na gaske irin na yara.

Washegari ya durƙusa gaban gadon Larai. Fuskarta ta kumbura, da ƙyar take buɗe ido.

"Yaya, saiwar nan ce ta yi miki haka. Na sani tun farko tana taɓa ƙoda, na ɓoye."

"Kai Auta, bar wannan magana. Mutum ɗari huɗu za su taru a kan ƙarya?"

"Ba su gani ba, Yaya. Ni suka ji, suka maimaita."

"Tsoro ne ya kama ka don ka ga na kwanta. Ciwo na Allah ne. An kusa ba ka farfesa, kada ka ɓata sunanka saboda ni. Ban yi wahalar nan don ka zubar ba."

Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta tsine masa. Tana kwance saboda shi, kuma shi take karewa.

"Yaya, wa da wa kika ba?"

Ta ɗan yi murmushi. "Wa zan hana?"

A ranar ya rubuta wa mujallar ya ce a janye takardar, ya faɗi dalili. Ya sanar da jami'a ma. Abokai suka yi ta kiransa, wai ya haukace ne, ya bari a ba shi kujerar tukuna, in ya so ya gyara a hankali. Ya ce yadda ake dafa saiwar kowace safiya, ba shi da hankalin da zai jira da shi. Aka dakatar da maganar farfesa, aka kafa kwamitin bincike a kansa.

Ya tafi Miga, ya roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ya bi gida gida. Wasu suka zubar. Wasu kuwa suka ce masu kemis ne suka saye shi, ai an riga an buga a Turai. Abin da ya shuka da baki ɗaya a ranar Sallah, ya kasa cire shi da rantsuwa.

Tsakanin Miga da asibiti ya rame, ya fita hayyacinsa. Duk ranar wanki yana riƙe da hannunta, yana tambayar likita ko ta yi ƙarfin da za a yi aikin. Kullum amsa ɗaya ce, a ƙara jira.

Larai ba ta kai ga aikin ba. Ta rasu wata ranar Talata da hantsi, hannunta cikin nasa. Allah ya jiƙanta.

A wurin zaman makoki a Miga, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani dattijo da ya zo daga Taura, Malam Idirisu, ya yi ta'aziyya sannan ya matso kusa da shi ya rage murya.

"Dakta, ka yi haƙuri, ba lokacinsa ba ne. Marigayiya ce ta koya wa iyalina maganin nan naka, ta kuwa ji daɗinsa. To kwanan nan ƙafarta tana ɗan tashi. Shi ne na ce in tambaye ka, ko a ƙara mata yawansa?"

Abdulrauf ya miƙe tsaye, har ya ture butar da ke gabansa.

"Baba, tana ina yanzu?"

"Tana gida mana."

"Tashi mu je."

"Haba Dakta, ka bar makokin yayarka? Mutane za su ce me?"

"Su faɗi abin da suke so, Baba. Wadda ake wa makokin na riga na rasa ta. Taka tana da rai."

Ya bar masu ta'aziyya zaune, ya ja mota zuwa Taura, ya ɗauko matar zuwa Dutse. Likita ya duba jininta, ya ce an zo a kan gaɓa, in ta daina sha ta koma maganinta ƙodar za ta riƙe. Abdulrauf ya zauna a kan bencin asibiti, kusa da ɗakin da yayarsa ta cika, ya tambayi Malam Idirisu su wa kuma matarsa ta ba.

Darasi: Yawan masu ambaton sunanka ba shi ne gaskiyar aikinka ba, domin da yawansu ji suka yi, ba gani ba. Abin da ka ɓoye don a yabe ka ba ya tsayawa a takarda, cikin mutane yake shiga, kuma yakan fara da wanda ya fi yarda da kai. Mai bincike ya faɗi sakamako duka, mai daɗi da marar daɗi. Ku kuma 'yan'uwa, kada kowa ya ajiye maganin asibiti don an ce "bincike ya nuna". Ku tura wannan ga masu bincikenmu, ku karanta wa iyayenmu mata da ba sa hawa shafin nan.