Kurar da Ta Haɗiye Muryar Inna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wanda ya katse ni sai na murɗe masa kunne.

An yi wata Kura, ta tsufa, ƙafa ta ƙi gudu, ga yunwa. Sai ta samo waya, ta liƙa hoton wata yarinya mai wushirya, ta sa wa kanta suna Suwaiba.

A garin akwai wata yarinya, Barira. In Innarta za ta kai niƙa, sai ta bar mata waya ta yi wasa. Rannan saƙo ya shigo daga Suwaiba.

"Ƙawata, ya sunanki?"

"Barira."

"Kar ki gaya wa kowa, tsakaninmu ne."

Kashegari: "Ƙawata, yaushe Innarki ke fita?" Ta gaya mata.

"Kar ki gaya wa kowa, tsakaninmu ne."

Rana ta uku: "Ƙawata, ni marainiya ce, na manta yadda muryar uwa take. Ɗauko mini ta Innarki in ji."

Tausayi ya kama Barira. Ta naɗi Inna tana faɗa, ta tura. Kura ta haɗiye muryar, ƙwat!

Wata rana Inna ta fita. Rana ta take, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Waya ta yi ƙara. Muryar Inna ce sak, har da ɗan kaushin nan.

"Barira, na faɗi a bakin tsohuwar rijiya ta bayan gari, ƙafata ta karye. Wayar mutane na ara. Zo ke kaɗai."

Yarinya ta kwasa a guje, waya a kunne. Ta wuce masallaci, ta wuce mahauta, gidaje suka ƙare, ciyawa ta fi ta tsawo.

"Barira, na hango ki. Ƙaraso, Barira."

Sai ta ja ta tsaya cak. Ita 'yar fari ce. Tun da aka haife ta, kunya ba ta taɓa barin Inna ta kama sunanta ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan".

Ta ce, "Inna, yau ke ce da sunana a baki?"

Sai ta ji numfashi, fuu, fuu. Ba daga wayar ba, daga cikin ciyawa.

Ta juya da gudu, ba ta tsaya ba sai wajen injin niƙa. Ga Inna tsaye, ƙafa lafiya lau, gari har gira.

"Ke! Uban wa ya fito da ke cikin ranar nan?"

Barira ta faɗa jikinta, ta zayyana komai.

Maza suka ɗauki sanduna sai rijiya. Kura ta tsere. Amma a bakin rijiyar sun tarar da takalman yara, ƙanana, an jera su ƙafa bibbiyu.

Har yau ba a kama ta ba, hoto kawai take canjawa. Don haka duk wanda ya ce muku a waya "kar ka gaya wa kowa", ku ruga ku gaya wa babba tun saƙon bai huce ba. Kun ji ko sai na maimaita da bulala?

Ƙurunƙus, kan tsohuwar kura!