Ƙofar da Ta Ƙi Mai Ita

A garin Yako akwai wani saurayi mai suna Mujitaba. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba musu, amma Allah ya jarrabe shi da zargi. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ya ce akwai abin da kake nema.

Shi da abokinsa Lukman suna shirin jarrabawar ƙwarewa kan haɗa kwamfutoci, wadda za a yi a Kano. Wani kamfani ya yi wa Mujitaba alkawarin aiki in ya kawo takardar. Suka samo tsohon suwic, akwatin nan mai ƙofofi da yawa da ake soka wayoyin kwamfutoci, suka ajiye a shagon ɗinki na Adda Turai, yayar Mujitaba, saboda tana da sola.

Da suka zo darasin tsaron ƙofa, Mujitaba ya ji an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Kowace kwamfuta tana da lambar da ake gane ta da ita, kuma ana iya umartar ƙofa ta karɓi lamba ɗaya tak, in baƙuwa ta zo ta rufe kanta. Nan da nan ya ɗaure ƙofa ta uku da lambar kwamfutarsa, wai kada Lukman ya leƙa aikinsa.

Saura kwana huɗu jarrabawa, ramin waya na kwamfutarsa ya lalace. Ya hau babur zuwa Kwanar Dangora, ya sayo 'yar mahaɗa da ake maƙalawa a gefe a madadin ramin. Yana soka waya, ƙofa ta uku ta rufe. Ya buɗe ta, ta sake rufewa. Umarni ɗaya zai rubuta suwic ya nuna masa lambar da ya ƙi, amma bai rubuta ba, don zuciyarsa ta riga ta kama ɓarawo.

"Adda, wa ya shigo bayan fitata?"

"Lukman ne. Ya gaishe ni, ya ɗauki littafinsa."

"Littafi kawai?"

"Kai dai ka cika zato, Mujitaba."

Da Lukman ya zo da la'asar, ko sallamarsa Mujitaba bai amsa da kyau ba.

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Tsaya, wannan 'yar abar da ke gefen kwamfutarka..."

"Kar ka juya mini magana. So kake in faɗi, kai ka ci."

Abin ya yi wa Lukman ciwo ƙwarai. Ya ce, "Allah ya sani," ya fita. Duk da haka ya turo saƙo a waya. Mujitaba ya ƙi buɗewa, a cewarsa wani tarkon ne. Ya daina kula suwic gaba ɗaya, ya shafe sauran kwanakin yana ba Adda Turai labarin hassadar mutane.

Ranar jarrabawa sai ga tambaya mai maki da yawa: ƙofa ta rufe kanta, a nemo dalili a gyara. Ya ɓata lokacinsa a kanta bai gano ba, har wasu tambayoyin suka wuce shi. Ya faɗi, saura ɗan maki kaɗan ya ci, aikin kuma ya tafi.

A motar komawa gida ya buɗe saƙon. Lukman ya rubuta: "Mahaɗar da ka sayo tana da lambarta daban. Kai ne baƙon da ƙofar take kora. Ka goge tsohuwar lamba, ka sa sabuwar. Allah ya ba mu sa'a."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, in abu ya ɓaci, fara da duba abin da ka canja da hannunka kafin ka nuna wani da yatsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai yawan zargi yakan kulle ƙofa don ya tsare kansa, ya wayi gari shi ne a waje.