Makwarwa Mai Dashen Gamba

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata Makwarwa ce take zaune a bayan wani gari. A da, dajin nan gamba ce ko'ina, in mutum ya shiga ko hularsa ba a hangowa. Sai manoma suka zo da gatari da wuta, suka yi sassabe, suka bar wurin fili fetal. To, a irin wannan fili, ina tsuntsuwar da ke ƙwai a ƙasa za ta ɓoye 'ya'yanta?

Ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, Shirwa ta sauko ta sure su ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara ta sake, Shirwa ta sake. Ta uku ma haka. Makwarwa ta yi kuka har muryarta ta dushe, shi ya sa har yau kuke jin ta a shaƙe. Ga girma ya fara kama ta, ta kuma san ƙwan da ya rage mata bai wuce na zubi ɗaya ba. In shi ma ya tafi cikin Shirwa, shi ke nan, bayanta ya yanke.

Amma ita ba mai zama ta rafka tagumi ba ce. Ta karkaɗe fukafukai ta ce, "Tunda an kwashe mini daji, ni zan dasa wani."

Ruwan farko na sauka ta nufi fadama, inda 'yar gamba ta yi saura. Ta tono tushe, ta raba shi gida-gida, kowanne da saiwarsa, ta kawo gindin wani suri ta dasa. Ta koma ta ƙaro, ta koma ta ƙaro, har ta kewaye surin kaf.

Tana cikin haka sai ga maƙwabcinta Gizo, da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sannu da aiki, maƙwabciya. Dawa ce ko gero?"

"Gamba ce, Malam Gizo."

Gizo ya yi dariya har ya faɗi ƙasa. "Kowa na nome ciyawa, ke kina dasawa? Ashe baƙin ciki ya taɓa ki."

"Ka dawo baɗi ka faɗa mini haka," in ji Makwarwa, "in ka iya gano inda nake."

Daminar nan gamba ba ta yi wani abin a zo a gani ba, da ƙyar ta kai gwiwa. Da kaka ta yi, manoma suka girbe, suka tumɓuke kara, suka tara suka ƙone, yadda aka saba. Gizo ya share gonarsa tas, ya leƙo ta Makwarwa.

"Ki tumɓuke wannan ƙazanta ki sa mata wuta mana. Ko ba ki san yadda ake gona ba?"

"Gamba ba gero ba ce," in ji ta. "Gero damina ɗaya yake yi ya mutu. Ita kuwa bana a ƙarƙashin ƙasa ta yi aikinta. Ba mai taɓa mini tushe."

Ai kuwa da damina ta zagayo, tun manoma ba su gama shuka ba gamba ta yunƙuro daga tsohon tushenta. Ta wuce gwiwa, ta wuce kai, har mai raƙumi sai ya yi miƙa kafin ya ga surin. Makwarwa ta kutsa can tsakiya, ta yi sheƙa, ta zuba ƙwanta na ƙarshe, ta kwanta a kai, zuciyarta fes.

Zabuwa ta zo neman masauki. Makwarwa ta ce, "Shigo, amma da sharaɗi. Ba wuta, ba lauje, sai gamba ta bushe 'ya'yanta sun zube." Zomo ya zo, ta faɗa masa haka. Bushiya ta zo, ita ma haka. Kafin ka ce me, wuri ya zama unguwa, ƙananan tsuntsaye a sama, fara da malam-buɗe-littafi a tsakani, kowa da abin da yake tsinta.

Ana nan, sai zanar makewayin Gizo ta faɗi. Matarsa Ƙoƙi ta hana shi sakat, ta ce ita ba za ta riƙa wanka duk mai wucewa yana gaishe ta ba. Zana kuwa da gamba ake saƙa ta, gamba kuma babu sai wajen wadda ya yi wa dariya. Da ya zo ya roƙa, da an ce ya jira rani a ba shi. Amma Gizo kamar wasunku yake, ba ya iya jiran tuwo ya huce.

Ya zo da lauje ya ce, "Maƙwabciya, na ga ƙaton maciji ya shiga nan. Bari in yanke miki ciyawar."

Bushiya ta leƙo tana lasar baki. "Wanda na karya kumallo da shi kake nufi?"

Kashegari ya dawo yana haki. "Gobara daga gabas, bari in share muku gefe kada ta iso."

Zomo ya zura a guje, ya dawo. "Ko hayaƙi babu, sai wata tsohuwa da ke gasa masara."

A karo na uku bai zo wurinsu ba, wurin Shirwa ya tafi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙwan Makwarwa ya ƙyanƙyashe. Ni in yanke gamba, ke ki kwashe 'ya'yan. Kowa ya samu nasa." Shirwa ta ce ta yarda.

Rana tsaka Makwarwa ta ji ƙarar lauje, ta ɗaga kai ta ga inuwar nan da ta sani tana shawagi. Gabanta ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. 'Ya'yan kuwa ko gashin kirki ba su yi ba. Zabuwa ta ce su fita su gudu.

"Fili shi ne abin da Shirwa take jira," in ji Makwarwa. "Ba inda za mu. Na san abin da na dasa, laujen Gizo ba ya gamawa da shi." Ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashin fiffike, ta matsa ciki.

Gizo ya yanka, ya yanka, gumi na zuba. Shirwa ta ce daga sama, "Ina suke?" Ya ce, "Saura kaɗan." Ya ƙara yanka, ɗanyar gamba tana tsaga masa hannu. "Ina suke?" "Saura kaɗan." Ya yanka har lauje ya dakushe, bai ci ko gefe ɗaya ba. Shirwa ta duba filin da aka share, yunwa na cin ta, ba ta ga kowa a ciki ba sai Gizo da ƙaton cikinsa. Ta ce, "To, kai ma nama ne." Ta naɗe fukafukai ta taho.

Gizo ya yar da lauje. Ya duba gabas fili, ya duba yamma fili, gonarsa da ya share tas ko inda zai sa kai babu. Sai ya faɗa cikin gambar da yake yanka, ya yi ta kutsawa har ya ci karo da Makwarwa.

"Yaya Makwarwa, ki rufa mini asiri."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ranta a ɓace yake, amma ta ce, "Kwanta ka yi shiru. Gamba ba ta korar kowa, ni ma ba zan kore ka ba. Wadda ka yanka ɗanya ruɓewa za ta yi, ba ta zana. In rani ya yi 'ya'yan gamba sun zube, ka yanki gefe guda, ka bar taƙi a ƙasa don tushe ya sake tohowa. Ka ji ko?"

"Na ji, wallahi na ji."

Shirwa ta yi shawagi har rana ta karkata, ta gaji, ta bar garin da yunwarta. Gizo kuwa tsoro ya hana shi nisa da wurin, shi ya sa da safe kuke ganin yanarsa a jikin gamba. 'Ya'yan Makwarwa suka girma babu wanda ya ɓace, har wata safiya ta ji su a kan suri suna kira da tasu muryar, ta zauna a ƙasa tana saurare, hawayen daɗi na zuba.

To, kun ji. Wanda ya dasa abin da zai rufa wa wasu asiri, ya kuma yi haƙuri ya bar shi ya kafu, shi ma a ciki zai tsira. Kada kuma ku rushe mafakar wani, don ba ku san ranar da za ku neme ta a guje ba.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya shige gamba.