Bakan da Ya Fi Ƙarfin Ɗan Sarkin Baka

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse. Manomi ne, ƙaƙƙarfa, yakan ɗaga buhun masara shi kaɗai ya ɗora a amalanke. Ubansa ne Sarkin Baka na yankin a zamaninsa, amma ya rasu tun mutumin nan yana goye. Saboda haka ya tashi da sunan ubansa, bai tashi da hannun ubansa ba. Ba mai kiransa da ainihin sunansa, kowa ɗan Sarkin Baka yake ce masa. Shi kuwa bai taɓa ɗana kibiya a tsirkiya ba. Bai taɓa cewa ya iya ba, bai kuma taɓa cewa bai iya ba.

Wata damina birai suka yi yawa a dutsen, suka riƙa saukowa gonaki. Gonar da ta fi kusa da dutsen ta wata gwauruwa ce mai suna Iya Kyauta. 'Yar ƙaramar gona ce, ita ce abincinta na shekara. Da zarar masara ta yi goyo, sai tsohuwar ta ɗauki gwangwani da sanda ta zauna a gindin wata ɗorawa, tana bugawa tun safe har rana ta yi sanyi. Da haka take tsare gonarta.

Mutanen ƙauyen suka taru a kan maganar biran. Suka ce ai suna da ɗan Sarkin Baka, me za su tsaya nema? Mutumin ya ce bakan ubansa gara ta cinye shi tuntuni. Yana tsammani maganar za ta mutu a nan. Sai ƙanin matarsa, wani mai yawan surutu da ake kira Dogara, ya ce ya san wani kanti a birni inda ake sayar da bakan zamani, kuma shi da kansa zai raka shi.

Suka tafi, har da maƙwabta biyu. Mai kantin dattijo ne, ba ya son dogon zance. Bakunansa ba irin na gida ba ne. Kowane yana da 'yar taya a kan sama da kan ƙasa, tsirkiya ta zagaya ta kansu. Farkon ja yana da tauri ƙwarai, amma in mutum ya wuce wurin taurin sai bakan ya yi sauƙi, ya riƙe shi a sake yana auna abin da zai harba.

Dattijon ya dubi mutumin ya ce, "Ka taɓa harbi?"

Kafin ya buɗe baki Dogara ya amsa. "Baba, ɗan Sarkin Baka kake tambaya? Wannan da kwari a baya aka haife shi."

Maƙwabtan suka yi dariya. Mutumin bai gyara maganar ba. Dattijon ya ɗan jira, ya ga ba zai ƙara kome ba, sai ya sa shi ya miƙe hannuwansa, ya auna tsawonsu da igiya. Sa'an nan ya jawo wata kujera ya ce ya zauna, ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa. Ya ce haka yake gwada kowa. Bakan da mutum ya iya ja a zaune, a hankali, ba tare da ya dafa ƙasa da ƙafa ba, shi ne nasa. Ya miƙa masa wani ɗan madaidaici, marar nauyi. Ya nuna masa noti biyu a jikinsa, ya ce da su ake ƙara masa tauri. Ana fara shi a sassauce, in kafaɗa ta saba a ɗan ɗaure, haka har bakan ya girma tare da mai shi.

Mutumin ya zauna ya ja. Bakan ya zo masa daidai, kamar don shi aka ƙera. A ransa ya san haka.

Amma Dogara ya tambaya ko su wa ke sayen irin wannan. Dattijon ya ce masu koyo, har da 'yan mata. Dogara ya riƙe ciki don dariya, ya ce in dai wannan za a kai gida, gara a ba yayarsa, matar mutumin, ta rataya a ɗaki ta riƙa shanya zane. Kunya ta kama mutumin. Ya ajiye bakan, ya nuna wani babba, baƙi wulik, da ke rataye can sama.

Dattijon ya ce wancan na waɗanda suka daɗe suna harbi ne, ko an sassauta shi iyaka ba zai sauko inda sabon hannu yake ba. Ya ce ƙarfin ɗaukar buhu daban, ƙarfin jan baka daban. Mutumin bai ji ba. Bai kuma koma kujerar ba. Ya tsaya, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga bakan sama, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, da ƙyar ya wuce wurin taurin. Abokan tafiyarsa suka yi ta yabonsa.

Dattijon bai yaba ba. Ya ce a tsaye, a gaban mutane, kowa na iya ja sau ɗaya, amma a gona a tsugune ake harbi. Duk da haka ya sayar masa, tun da shi ya nace. Ya ce duk ranar da ya ga dama ya dawo da shi a musanya masa. Ya kuma yi masa kashedi guda: kada ya kuskura ya saki tsirkiyar ba kibiya a kai, gama ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya cikin bakan zai koma, ya farfasa shi.

Suka dawo gida. Dogara ya zagaya da bakan gida gida yana nunawa. Iya Kyauta ta gani. 'Yarta da ke aure a wani gari ta kusa haihuwar fari, ba kuwa wanda zai zauna da ita. Tsohuwar ta daɗe tana tunanin yadda za ta bar gona. Sai ta zo wurin mutumin ta gaya masa damuwarta, ta ce in zai sa ido a kan gonarta za ta tafi.

Ya ce, "Je ki, Iya. Ba abin da zai taɓa masararki."

Ta sa masa albarka, ta ce ta ga ubansa a fuskarsa. Ta rataye gwangwaninta a reshen ɗorawa, ta tafi.

Mutumin ya shiga koyo a ɓoye, a bayan rumbu. Tsirkiya ta dinga dukan damtsensa har wurin ya yi baƙi. Ya koma sa riga mai dogon hannu, ko da rana ta take. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, har tuwo ya koma ci da ƙyar. Matarsa Rahila ta gani. Tana gasa masa kafaɗar da ruwan zafi ta ce masa ya mayar da abin nan a ba shi daidai shi, ai mai kantin ya ce ya dawo. Ya ce da wane ido zai dubi Dogara? Ta ce Dogara ƙaninta ne, ta san shi, ko kaza bai taɓa jifa ya samu ba. Ya ce ta bar maganar. Ta bari.

Wata safiya yana tsugune a cikin ciyawa a bakin gonar Iya Kyauta, ga raɓa ta jiƙe shi, sai ga biran sun sauko. Wani gwaggon biri ne a gaba, babba, ya zo ya zauna a kan suri, kusa ƙwarai, ko mai koyo ba zai kuskure shi ba. In aka kashe wannan, sauran za su daɗe ba su dawo ba.

Mutumin ya ɗana kibiya ya ja. A tsugune bakan ya ƙi zuwa. Ya sāke ja, ya tsaya cak a wurin taurin. Sai ya miƙe tsaye ya ɗaga bakan sama yadda ya yi a kanti. Da ya karkata shi kibiyar ta zame ta faɗi cikin ciyawa, a daidai lokacin kuma kafaɗarsa ta yi ƙas, yatsunsa suka saki tsirkiyar, ba kome a kanta. Bakan ya yi ƙara kamar an sare itace. Tsirkiya ta tsalle daga kan tayoyin, reshen bakan na sama ya tsage.

Biran suka watse, suka hau duwatsu suna kallonsa. Ba su daɗe ba suka gane ba abin tsoro a hannunsa. Suka dawo. Ya yi ihu, ya ɗebi duwatsu da hagu yana jifa, ba ya kai ko rabin hanya. In ya kore su nan, su ɓullo can. Gwangwanin yana rataye a bisa kansa, amma ya ji kunyar a jiyo ɗan Sarkin Baka yana buga gwangwani kamar tsohuwa. Da ya yanke shawarar saukar da shi, ba sauran abin tsarewa. Gonar ta zama karan banza a kwance.

Ya kwana biyu bai fita ƙofar gida ba. Da Iya Kyauta ta dawo ta fara zuwa gonar, sa'an nan ta zo gidansa. Ya fito ya durƙusa, hannunsa a rataye da tsumma, ya kasa ɗaga kai. Ya gaya mata duka, har da cewa bai taɓa harbi ba a rayuwarsa. Dogara yana tsaye a bakin zaure yana ji.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta fara tambayar hannun, ko an kai shi wurin mai ɗori. Sai ta ce, "Ɗana, da ka ce mini ba ka iya ba, ai da na zauna da gwangwanina."

Da zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Da kaka ta yi ya auna mata hatsi daga rumbunsa, gidansa suka rage ci a shekarar. Da kafaɗar ta warke ya sa fasasshen bakan a buhu ya koma birni, shi kaɗai. Dattijon ya zazzage buhun, ya duba, bai tambayi yadda aka yi ba, gama ya gani. Ya ɗago ya yi masa tambayar da ya yi masa tun farko.

"Ka taɓa harbi?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To, zauna. Ɗaga ƙafafunka."

Ya sauko da ɗan madaidaicin nan, ya sassauta notinsa har ƙarshe, ya sa masa a hannu.

Ga ma'anar wannan misali. Mutumin nan yana cikinmu. Shi ne wanda aka haifa a gidan masu bi, ubansa dattijon ikilisiya ne ko mai bishara, kowa yana ganinsa da bangaskiyar ubansa, alhali shi bai taɓa durƙusawa shi kaɗai ya yi magana da Allah ba. Sunan uba ba ya jan baka. Bangaskiya ba gona ba ce da za a raba wa magāda.

Mai kantin kuwa Ubangiji ne. Ya san tsawon hannunka, ya san iyakar ƙarfinka. Ba don bai sani ba yake tambaya, so yake ka faɗa da bakinka. Kada ka bar wani ya amsa maka. Masu amsa maka yau ba za su kasance a gona ba ranar da birai suka sauko. Kujerar nan ita ce gwajinsa. A majami'a ran Lahadi, a tsaye, ido a kanka, kowa na iya yin doguwar addu'a. Abin da kake iya yi a ɗakinka, ba mai gani, ba abin dafawa, shi ne naka.

Waɗansunku sun karɓi aikin da ya fi ƙarfinsu don kada a raina su. An ce ka koyar, ka ce to, ba ka karanta ba. An ce ka riƙe matasa, ka ce to, gidanka ma ba ka riƙe ba. Marar lafiya ya ce ka tuna da shi a addu'a, ka ce ya kwantar da hankalinsa, ka wuce ka manta. Wannan sakin tsirkiya ne ba kibiya. Ƙara ce kawai, kuma a kanka take fashewa.

Ku lura da wanda ya yi hasara. Ba Dogara ba ne. Tsohuwar ce, wadda ta ajiye ɗan abin da ta iya domin ta gaskata da kai. Kunyar cewa "ban iya ba" ƙarama ce, a kanti take ƙarewa, a gaban mutum uku. Wanda ya guje ta zai sha babbar, wani kuma ya kwana da yunwa a dalilinsa.

Ƙaramin baka ba abin raini ba ne. Ubangiji yakan fara mutum a sassauce, ya riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan yadda kafaɗa za ta ɗauka. In kuwa naka ya riga ya fashe, kada ka ɓoye shi a bayan rumbu. Ka fara zuwa wurin wanda ka cuta, ka biya abin da za ka iya. Sa'an nan ka sa gutsattsarin a buhu ka koma. Ba zai kore ka ba. Tambayar nan dai zai sāke yi maka. Wannan karon ka amsa da kanka.