Wayar da Aka Ɗaura a Kan Fenti

Akwai wani mutum mai aikin wayar mota, irin wanda ake ce wa rewaya. A sana'arsa ba shi da na biyu a garinsu, kuma ya san da haka, gama mutane sun faɗa masa har ya haddace. Yana zaune da matarsa da mahaifinsa, wani tsoho wanda ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa, yana tuƙa manyan motoci. Yanzu idanun tsohon sun dushe, ƙafafunsa sun yi nauyi, ko babur ba ya iya hawa.

Tsohon nan yana da ƙane a ƙauyensu na asali, can bayan duwatsu, a hayin wani kogi marar gada. Sun rabu cikin fushi tun suna da ƙarfinsu, a kan gonar gado, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake taka ƙofar ɗan'uwansa. Bayan kaka sai ga saƙo daga ƙauye, cewa ƙanen yana kwance, ciwo ya hana shi tashi, ya ce a faɗa wa yayansa ya zo su ga juna tun da sauran numfashi.

Tsohon ya kira ɗansa, ya ce, "Ɗana, ka kai ni gida. Ni ne na yi wa ƙanena laifi, kuma neman gafara ba a aika shi ta bakin ɗan aike."

Hanyar ƙauyen kuwa ba ta ƙananan motoci ba ce. Dutse ne da rami da yashi, sa'an nan kogi. Da rani akan ratsa shi, amma in damina ta kankama sai ya cika ya batse, ba mai ƙetarewa da tsoho sai bayan girbi. Saboda haka mutumin ya je gwanjo ya sayi wata tsohuwar motar soja, irin wadda mahaifinsa ya tuƙa a dā. Jawo ta aka yi zuwa ƙofar gidansa, tayoyinta a sace, tsatsa ta cinye jikinta, ɓeraye sun yi gida a cikin kujerunta. Ya kama hannun mahaifinsa ya ɗora a kan ƙarfen, ya ce, "Baba, kafin ruwan fari zan kai ka gida a cikin wannan."

Bakanike ya gyara injin. Shi kuwa ya kama jikin motar, ya goge tsatsa, ya shafa mata koren fenti ciki da waje, har ƙarƙashinta inda ido ba ya zuwa. Mutane suka fara tsayawa suna kallo, suna cewa ba su taɓa ganin tsohuwar mota ta yi kyau haka ba. Maganar ta yi masa daɗi. Ya ƙara shafa wani fentin a kan na fari, ya jira ya bushe, ya sake shafa wani. Rani kuwa yana ta tafiya abinsa.

Sa'an nan ya juya ga wayoyi, kuma a nan, gaskiya, dole a yaba masa. Ya zare tsofaffin da ɓeraye suka gaigaye, ya ja sababbi daga gaba har baya, kowace da launinta da aikinta. Ya bi da su ta gefen ƙashin motar, nesa da salansa, wato bututun hayaƙi, don kada zafi ya narkar da su. Duk inda waya za ta ratsa ta huda a jikin ƙarfe, sai ya sa mata roba don kada bakin ƙarfen ya yanke ta. Inda mota takan girgiza, ya bar wa wayar sarari don kada ta tsinke. Ya ɗaure su dami-dami kamar kitson amarya.

Ta rage waya guda, gajera, mai kauri. Ku da ba ku san aikin mota ba, ku saurara. Wutar da ta fita daga batir ta tafi fitila ko inji, dole ta komo, kuma ta jikin ƙarfen motar take komowa. Gajeriyar wayar nan ita ce take haɗa batir da ƙarfen. Kowane rewaya ya san cewa wurin da za a ɗaura ta, sai an kankare shi tas, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, domin wuta ba ta ratsa fenti.

Mutumin ya ɗauki wuƙa zai kankare, sai ya dubi wurin. Fentin yana sheƙi, ba ko ƙwarzane. Hannunsa ya ƙi. Ya ce a ransa, "Bari mutane su gama gani tukuna, daga baya na kankare." Ya ɗora wayar a kan fentin, ya ɗaure noti.

Tsohon yana zaune kusa a kan tabarma. Ya ce a kai hannunsa wurin. Ya lalluba notin da yatsunsa, ya shafa gefensa, ya ji santsi. Ya ce, "Ɗana, ba ka kankare ba."

Mutumin ya kunna fitila, ta kama. Ya danna hon, ya yi ƙara. Ya murɗa makulli, injin ya yi nishi, ya tashi da ƙyar. Gama ta bakin notin, akwai ɗan wuri kamar ƙwayar gero inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ka ji da kunnenka. Komai yana aiki."

Tsohon ya ce, "Na ji ta tashi. Na kuma ji yadda ta tashi."

Washegari mutumin ya shimfiɗa ƙarfen daɓen motar a kan wurin, ya kafa kujerar fasinja a bisa, ya ɗaure ta da notuna. Abin da ido ya daina gani kuwa, zuciya ba ta daɗewa take mance shi. Ya shiga neman madubi irin na asali, da tambarin da zai zana a ƙofa. Matarsa ta ce masa, "Maigida, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Baba yana tambayata kullum." Ya ce mata saura kaɗan.

Ruwan fari ya sauka. Laima ta shiga ƙarƙashin motar, ta sami ɗan wurin nan mai kamar ƙwayar gero, tsatsa ta zauna a kai. Ba wanda ya gani. Da ruwa na biyu ya sauka, tsohon ya ce, "Gobe ne, ɗana. In ba gobe ba, babu." Mutumin ya tsorata, ya ce gobe ne.

Da gari ya waye, tsohon ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa sujada, ya rungume bargon da ya saya wa ƙanensa. Aka ɗaga shi aka zaunar a kujerar fasinja. Mutumin ya hau, ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta ce ƙas. Ya kunna fitila, ga ta tana ci. Ya danna hon, ga shi yana kuka a shaƙe. Amma inji ya ƙi motsi, gama ƙaramar wuta tana iya lallaɓawa ta wuce, babbar wutar da za ta juya inji kuwa ba ta da hanyar komowa.

Ya ce batir ne, ya aro wani, bai yi ba. Ya bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace lafiya lau, gama ya yi su da kyau. Maƙwabta suka taru su tura, amma motar soja ba a-kori-kura ba ce, tayoyinta sai ƙara nutsewa suke a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Can wajen duwatsu sama ta yi baƙi ƙirin. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi yana fafewa.

Tsohon yana zaune bai motsa ba, bargon yana kan cinyarsa. A ƙarshe ya ce a hankali, "Ɗana, wurin nan, ka kankare kuwa?"

Sifana ta faɗi daga hannun mutumin. Wurin yana ƙarƙashin kujerar da mahaifinsa ke zaune a kai. Aka sauko da tsohon, aka kwance kujera, aka ɗaga daɓe. Ga notin, tsatsa ta kewaye bakinsa, ga fentin kuma yana nan da sheƙinsa kamar ranar da aka shafa shi. Ya sa wuƙa ya kankare, koren fentin yana zuba a ƙasa, har farin ƙarfe ya fito. Aikin bai kai a shanye kofin kunu ba. Ya ɗaure wayar, ya murɗa makulli, injin ya tashi da ruri nan take.

Suka kama hanya, motar ta haye duwatsu ba ta ko yi tari ba. Amma tun kafin su kai bakin kogi, tsohon ya karkata kunne. Ruwan da aka yi a kan duwatsu ya riga su isowa. Kogin ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, jajawur, yana tafe da itatuwa. A hayi ana hango hayaƙin girkin ƙauyensu.

Tsohon ya ce, "Ya cika, ko?"

Mutumin ya ce, "Ya cika, Baba."

Tsohon ya ce a sauko da shi. Ya tsaya a bakin ruwa, ya ɗaga murya ya kira sunan ƙanensa, ƙarar kogin ta haɗiye kiran. Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya ce, "Mu koma."

Kafin kogin ya janye, ƙanen ya rasu. Tsohon bai taɓa faɗa wa ɗansa ko kalma ɗaya ta zargi ba, kuma wannan ya fi wa ɗan zafi a kan zagi. Bayan girbi motar ta kai su ƙauye lafiya, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Tsohon ya durƙusa a bakin kabari, ya shimfiɗa bargon a kai, ya faɗi maganar da ya zo da ita. Ɗansa yana tsaye a baya yana kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu, motar nan rayuwarka ce, wayoyin kuma ayyukanka ne na ibada. Ba ka fashin sujada, kana ba da baiko, muryarka tana cikin mawaƙa, ke kuma ba a taɓa rasa ki a zumuntar mata ba. Duk waɗannan suna da kyau, kamar yadda wayoyin mutumin nan suke da kyau. Ban ce ku tsinke su ba.

Amma akwai wuri guda inda zuciya take haɗuwa da Ubangiji, kuma ba ta haɗuwa da shi ta kan fenti. Fentin shi ne sunan kirkin da kake tattali, da fuskar da kake zuwa da ita ran Lahadi. Kankarewa kuwa ita ce tuba: ka buɗe baki a gaban Allah ka kira zunubinka da sunansa, ba kwalliya, ba kwana-kwana. Da zafi, na sani, ni ma ina da fentin da nake jin tausayinsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma Yesu Almasihu bai zub da jininsa domin fenti ba.

Abin da ya ruɗi mutumin nan shi ne fitila tana ci. Haka bangaskiyar da aka ɗaura a kan fenti take. Tana iya ɗaukar addu'ar cin abinci da waƙar safiya, sai ka ce komai yana aiki. Ranar da babban nauyi ya zo, ciwo, ko rashi, ko gwajin da ya fi ƙarfinka, sai ka murɗa makulli ka ji ƙas. Ku lura kuma, mutumin ba jahili ba ne. Ya san abin da ya kamata, an kuma tuna masa. "Daga baya" kawai ya ce, ya kafa kujera a kai.

Kogin nan lokaci ne, kuma ba ya aiko da sanarwa. Uban ya jira tsufa kafin ya nemi gafarar ƙanensa, ɗan ya jira ranar tafiya kafin ya kankare, kogin bai jira ko ɗayansu ba. Kuma wanda ya ƙi kankarewa ba shi kaɗai yake shan wahala ba, akwai wanda ke zaune a kujerarsa yana dogara gare shi.

Ina jin tsoro dominku, shi ya sa na faɗi wannan. A cikin ɗakin nan akwai mai laifin da ya rufe da daɓe, akwai wanda rabonsa da gaida ɗan'uwansa har ya mance shekarar. Kowa ya san wurinsa, ba sai na nuna ba. In ka koma gida yau, ka ɗaga kujerar, ka sa wuƙa. Aikin ba ya kai a shanye kofin kunu. Hadari ya riga ya haɗu a kan duwatsu, amma yau kogin bai cika ba tukuna.