Tulun da Ya Bi Mai Shi

Saura kaɗan ban rubuta wannan labarin ba, don karatuna bai yi nisa ba. Yayana Sagir ne, wanda sana'arsa rubuta wa kwamfuta umarni, ya wuni yana tsaki a gindin darbejiyarmu. Da na tambaye shi, ya ce umarnin da ya rubuta yana ta miƙa hannu zuwa ga abin da mai shi ya riga ya saki, sai ya damƙo shara. Ya ce a aikinsu kowane abu sai an san mai shi, kuma abin aro ba ya rayuwa bayan mai shi ya tafi. Ban gane kwamfutar ba, amma maganar ta zauna mini a rai har ta zama labari.

A can bayan duwatsun gishiri akwai Birnin Kanya, mai ganuwa ja jawur da ƙofofi manya-manya na baƙin ƙarfe, birnin da ba shi da kogi ba shi da tafki. Sarkinsa na fari, Nomau ɗan Barmo, mai haƙuri, mai kawaici, ya taɓa kwance wani tsoho daga tarkon mafarauta, ashe tsohon Gurzau ne, sarkin aljanun Birnin Ƙarau. Gurzau ya miƙa masa wani baƙin tulu, ya ce, "Riƙe wannan." Nomau ya buɗe baki zai tambaya ko aro ne ko kyauta, kunya ta rufe masa shi, don a tarbiyyarsu wanda aka miƙa wa abu godiya kawai yake yi. Aka binne tulun a gindin rijiyar fada, ruwa ya ɓulɓulo garai-garai, sanyi ƙalau, birni ya sha ya cika ya batse.

Nomau ya rasu, ɗansa Shekarau ya yi mulki har ya tsufa, yana da ɗa guda, Yarima Korau, dogo siriri, ma'abocin busa wata sarewa da ya sassaƙa da hannunsa. Wata safiya mata suka zura guga, igiya tana nan, bakin rijiya yana nan, amma gugan ya fito da yashi. Suka sake zurawa ya fito da toka, suka sake ya fito da kunamu. Mutane ba su daina zurawa ba, don igiyar tana hannunsu, kuma kowa yana ganin tasa ce za ta yi sa'a. Da aka saukar da mahaƙa, gurbin tulun kawai suka tarar. Dabbobi suka fara faɗuwa, iyalai suka fara ɗaure kaya.

Korau ya durƙusa gaban mahaifinsa ya nemi izinin tafiya neman tulun, ya hau doki ya nufi gabas. Ya ratsa dajin ƙaya mai raɗa sunan matafiyi, ya haye kogin rairayi mai gudu kamar ruwa, in gajiya ta kama shi sai ya zauna ya busa sarewarsa, har ya iso Birnin Ƙarau. Abin da ya fara gani shi ne kowane abu a birnin, tun daga allura har soron fada, yana da siririn zare mai haske da ya tafi ya ɗaure a wuyan hannun aljani guda. A kasuwa ya ga taro suna duba madubi ɗaya a lokaci guda, ba mai hana wani. Da maƙeri ya are shi don ya gyara bakin madubin, kowa ya kau da kai, ba wanda ya sake kallo sai da ya gama ya mayar.

Aka kai shi gaban Sarauniya Maimurjani, 'yar Gurzau, mai ido kamar garwashi, mai magana a hankali. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninki, tulunmu ya ɓata."

Ta ce, "Naku? Wa ya ba ku?"

"Mahaifinki ne ya ba kakana."

"Riƙe ya ce masa. Zaren yana hannun mahaifina har ranar da ya cika, kuma a nan duk abin da mai shi ya mutu bai miƙa ba, bin sa yake yi. Da kakanka ya tambaya, da an ba shi har zaren, don mahaifina ya tsaya yana jiran tambayar."

Korau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranki ya daɗe, kunya ce."

Wani tsohon bafade mai haƙori ɗaya ya ce, "Ai kuwa kun sha kunya kun ƙoshi." Fadawa suka yi dariya, sarauniya ta ɗaga yatsa suka yi shiru.

Ta ce akwai wani tulun, amma ba a fitar da abu daga birnin sai an bar wani a gurbinsa, kuma sai abin da mutum ya mallaka shi kaɗai. Ta shafa wa Korau kwalli, nan take ya fara ganin zaren kayan jikinsa. Ya miƙa linzamin doki, ya ga zaren ya yi yamma zuwa hannun mahaifinsa. Ya zare takobi, ashe na sarkin yaƙi ne da aka ɗauko masa ba a ko faɗa wa mai shi ba. Rigarsa ma ta taskar fada ce. Bafaden ya ce, "Ɗan sarki guda, ko hular kansa ta aro ce." Korau ya duba wuyan hannunsa, zare ɗaya tal ya gani, ya bi shi da ido har aljihu, inda sarewar take.

Sarauniya ta ce, "Ka sani tun yanzu, in ka bayar ka bayar. Busar ma za ta bi ta."

Ya daɗe yana juya sarewar, sannan ya kwance zaren ya ɗaura mata. Ta miƙo masa ita ta ce ya gwada. Ya ɗora yatsunsa a kan ramukan, suka tsaya kamar na baƙo, iska kawai ta fito. Ya mayar mata.

Aka kawo tulun. Korau ya ce, "Ranki ya daɗe, a ɗaura wa mutanen birnina duka."

Ta ce, "Abin kowa wa zai rufe shi, wa zai gyara shi? Kowa zai ce ɗan'uwansa ya yi. Hannu ɗaya za a ɗaura wa, sauran su ara su sha."

Ya miƙa hannu, kafin ta ɗaura ya janye, ya ce, "Ki gafarce ni. Aro ne ko kyauta?"

Ta yi murmushi, ta ce, "Kyauta ce, ɗan Shekarau. Amma tsawon ransa tsawon ranka ne, sai in ka miƙa."

Korau ya dawo, aka binne tulun a gindin rijiya, ruwa ya ɓulɓulo, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance, mahaifinsa ya naɗa shi sarki. Ya yi mulki mai tsawo, in ya ji makiyayi na busa sai ya tsaya ya saurara, yatsunsa a kwance kan gwiwa. Da furfura ta rufe kansa, tun yana tafiya da ƙafarsa, ya tara jama'a a bakin rijiya, ya kira 'yarsa Yalwa, ya kwance zaren ya ɗaura mata, ya ce da ƙarfi, "Kyauta ce." Fadawa suka ce ya yi gaggawa, ya ce mutuwa ba ta aiko masa da rana ba. Sannan ya ɗauki ƙwarya ya tsaya a bayan matan da ke jiran ruwa, da layi ya zo kansa ya ce, "Yalwa, ara mini in sha." Birnin Kanya bai sake jin ƙishi ba. Allah ya sa mu miƙa abin da ke hannunmu tun muna iyawa.

Washegarin ranar da na gama rubutun, na wuce ɗakin Kaka Tabawa, wadda ta ce mini "riƙe wannan" ranar da ta miƙo mini keken ɗinkinta. Na gaishe ta, na zauna ina murza bakin tabarma, sannan na ce, "Kaka, keken nan, aro ne ko kyauta?" Ta dube ni ta ce, "Sai yau bakin ya buɗe? Kira mini kawunnanki su ji da kunnensu." Na tashi na je na kira su.