Sirdin da Ya Juya a Bangon Aji

Akwai wani saurayi a Gummi, Lirwanu, da ya dawo gida a 2017 bayan shekara shida yana karatun lissafi. Ya tarar an sare durumin ƙofar gida, Inna ta fara dogara sanda, shagon caji ya zauna inda mai shayi yake. Abin da ya fi taɓa shi, idon Malam Isma'ila ya yi yana. Sai abu babba mai haske yake iya gani.

Malam ne ya koya musu lissafi. Yakan ce akwai wata siffa mai kama da sirdi, ta hau ta nan, ta gangara ta can, alli ba ya iya fitar da ita. Sai ya zana ta da hannu a iska, ya ce, "Allah ya nuna mini ita tana juyawa."

Lirwanu ya zo da manhajar lissafi ta kyauta da ke iya zana ta. Kwana uku suka rage ya koma inda yake karatu.

Ya je aron majigi wurin Atine, 'yar ajinsu da ta gaji Malam a makarantar. Da ya ga manhajar a tsohuwar kwamfutarta, ya fashe da dariya.

"Windows? Haba Atine! Wagga aba kan tsarin Linux anka gina ta, irin na kwamfutata. Kawo in goge miki wanga tarkace."

"Goge naka," in ji ta. "An hiddo wadda ka zama kan Windows kai tsaye. Sati biyu ina sauke ta, duk sa'ad da sabis ya ga dama."

Da hantsin Alhamis aka kawo Malam aji, aka rufe tagogi, aka tada janareta. Lirwanu ya jona tasa kwamfutar da majigin. Bango fayau. Kwamfutarsa ta ƙi gane majigin. Ya cire, ya mayar, zufa na ɗiga, man janareta na ƙarewa.

Malam ya daɗe yana fuskantar bango. "An fara? Ni ban ga komi ba, ɗana."

Atine ta zare wayar majigin daga kwamfutar Lirwanu. Ta jona tata, ta tura wa Lirwanu. "Rubuta. Umarnin guda na, ko'ina ka zauna."

Ya rubuta. Sirdin ya fito, shuɗi da ruwan zinariya, ya cika bango, yana juyawa a hankali kamar gajimare a kan gulbi. Malam ya ɗaga hannu yana bin sa, daidai yadda yake yi musu suna yara.

"Ita ta," ya ce. "Ashe ban yi muku ƙarya ba."

Washegari Inna na cusa masa ƙuli a jaka, shi kuwa ya aika wa Atine filas ɗinsa na kwamfuta, ta zuba masa tata manhajar kafin motar Gusau ta cika.

Darasi: Kada ka raina abin da ke hannun ɗan'uwanka don bai yi kama da naka ba, wata rana shi zai cika maka burinka. Ku tura wa duk mai ganin na'urarsa ta fi ta kowa.